Tayar Rairayi a Keken Baba

Shekarar da aka fara tura ni koyarwa, wani ƙauye aka ba ni a gefen garin Mai Yara. Mota ba ta shiga can sai ranar kasuwa, ni kuwa ba ni da moto, wato babur. Baba ya ce in ɗauki kekensa.

Duk unguwarmu a Dakoro an san keken nan. Baƙi ne, dogo, mai siraran tayoyi, ya girme ni. Kowace Juma'a da hantsi Baba yake fito da shi tsakar gida, ya goge shi da tsumma, ya ɗiga wa sarƙa mai. Da shi yake zuwa gonarsa ta hanyar Ajekoriya, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure. Ko yayana bai taɓa hawansa ba sai da izini.

Makon farko na gane cewa keken gari ne. Da na bar jar hanya na shiga rairayi, sai tayoyin su nutse kamar wuƙa a tuwo. Turawar da na yi ta fi hawan yawa. Na isa lakwal, makarantar ƙauyen, rigata sharkaf, yara na zaune a ƙarƙashin rumfar zana suna kallon sabon mushensu, wato malaminsu, yana haki.

Da na dawo gida ran Asabar, muna cin tuwo na yi ta mita. Na ce keken ba na hanyar can ba ne, gara ma tafiyar ƙasa. Mita ce kawai irin ta wanda ya gaji, ban nemi komai ba. Washegari Baba ya ce in turo keken in biyo shi.

Wurin wani mai gyara muka je a bakin kasuwa, tsohon abokinsa. Ya ciro mana tayoyi biyu masu faɗi da ƙuraje, irin na kekunan gwanjo, ya ce waɗannan kan rairayi suke hawa, ba sa nutsewa. Ta gaba ta shiga, amma sai da aka kwance murfin da ke tare laka. Ta baya ce ta ƙi. Da aka hura mata iska sai ta cije tsakanin ƙarafa biyun nan da ke riƙe ƙafar baya. Ya ja ƙafar baya har iyakar ramin, ya daidaita ta a tsakiya, ya rage iska. Duk da haka in an juya sai ka ji tana gurzar ƙarfe.

Ya ajiye sifana ya dubi Baba.

"Malam, wurin ya yi mata kaɗan. Ko mu maida siririyar baya, ko in buga ƙarafan nan su lotsa ta ciki. In na buga, fenti zai tashi, kuma ƙarfen ya tsufa. Ban yi maka alkawarin ba zai tsage wata rana ba."

"In aka bar siririyar baya fa?"

"Nan nauyin mutum yake. Za ta nutse kamar da."

Baba ya shafa ƙarfen da babban yatsa. Ni ina tsaye a bayansa. Na san abin da ya kamata in ce: a bar shi haka, zan saba. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna wani tudun rairayi da ke hanyata kusa da rijiyar makiyaya, na haɗiye ta.

"Buga," in ji Baba.

Shi da kansa ya durƙusa ya riƙe keken. Mai gyara ya kara guntun katako ya fara sauke guduma. Fenti ya riƙa ɓarewa yana zuba kan takalmin Baba, shi kuwa yana kallon masu wucewa da awaki. Da aka mayar da ƙafar, tayar ta juya ba ta taɓa komai, ko da yake ratar ba ta wuce kaurin tsinken tsintsiya ba.

Tayoyin sun yi aiki. Ban daina sauka a wasu wuraren ba, amma na riƙa riga yara isa lakwal. Na ji daɗi sosai, har nakan yi waƙa a hanya.

Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne yadda Baba yake zuwa gona. Lokacin kwasar wake ne da ɗaurin karan hatsi. Wata Asabar na tarar da Inna tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Na tambayi abin da ya same shi.

"Tahiya ce," in ji ta. "Da ƙahwa yake zuwa, da ƙahwa yake dawowa."

Baba ya ce mata yawan magana gare ta, tsufa ne kawai. Na ce to ya riƙa hawan keken ranakun da nake gida. Ya gwada sau ɗaya. Tayoyin sun yi wa ƙafarsa nauyi, kuma da ya ratsa ta inda mata ke zubar da ruwan wanki, laka ta fantsale masa bayan farar riga, don murfin baya ma an kwance shi. Ya dawo yana tura shi, ya jingine, ya ce in ci gaba da riƙewa.

Na ce zan bar masa shi in riƙa zama can, sai ranar kasuwa in biyo mota. Ya ce a'a, Inna tana son ganina. Na karɓi wannan amsar da sauri fiye da yadda ya dace.

Da shekara ta zagayo aka maido ni cikin gari. Na kai keken aka mayar masa da siraran tayoyinsa da murafansa, na sa aka shafa baƙin fenti a inda aka buga. A nan mai gyara ya nuna mini tsaga a ƙarfen hagu. An yi mata walda, amma tun daga nan keken ya riƙa ja gefe ɗaya. Baba ya zagaya unguwa da shi, ya sauko ya sa mini albarka, ya ce ya koma sabo. Bayan haka bai cika fita da shi ba. Gwiwar ta riga ta ƙi.

Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Da ya yi, ina jin da na fi samun sauƙi. In baƙi suka tambaye shi yadda keken ya lotsa, sai ya ce ɗansa ne ya kai shi koyar da ƴaƴan mutane, ya faɗa yana murmushi, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Yanzu ina da moto. Ranar da ba ni da aji nakan kai shi gona, ya zauna a gindin aduwa yana duba aikin da ƙannena suke yi. A hanya yakan riƙe gefen rigata, ya ce in rage gudu, yana so ya ga gonakin mutane.