Mabiyiyar da Na Kasa Binnewa

A gidanmu na haya a Maamobi, ni ce mai wanke mabiyiya. Duk wadda ta haihu, ni ake miƙa wa bokiti. In wanke, in naɗe a farin ƙyalle, in binne a bayan gida inda siminti bai kai ba, cibiya na kallon sama. Wajen kakata na gada, don haka kada wani ya ce ban san mabiyiya ba.

Kumburi ne ban sani ba. Da cikin 'yata ta fari ya shiga wata bakwai, ƙafa ta cika, zobe ya ƙi fita, fuska ta yi suntum. Ni kuwa har gori nake wa matan gida: "Ku ga cikin da ake ciyarwa!" Shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titin Nima, kullum sai na ware mata ganda da mai. Ta ce, "Mma, kaina kamar ana sarawa, ina ganin walƙiya." Na ce, "Raki! Cikin namiji ne." Ranar awo ma na hana ta zuwa, wai layi ya yi tsawo, ga tukunya ba mai tayawa.

Ranar wata Talata da hantsi ta faɗi gaban murhu tana fizge-fizge. A asibiti suka ce hawan jinin masu ciki ne, sai tiyata. Aka ciro 'yar mace, 'yar mitsitsiya, aka sa a kwalbar bakwaini. Uwar ba ta farfaɗo ba. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, carbi ma ya ƙi ja.

Ina cikin safa da marwa, wata likita ta tare ni. Wai suna binciken kitsen da ke cikin jinin masu wannan ciwo, suna so in bar mabiyiyar su yanki kaɗan in 'yata ta yarda. Na ce, "A yanka? Naman suya ce?" Na fizgi bokitin mabiyiyar na hau trotro, motar haya, sai gida.

Da na zuba ruwa a gida, sai na ɗaga ta. Ba nauyi. Wadda na saba wankewa ja ce jawur, ta cika hannu biyu. Wannan ta ƙanƙance, ga farare-fararen tabo masu tauri, ga gudajin jini. Wato da wannan jikata ta yi wata bakwai tana neman abinci, ni ina waje ina taƙama da ƙiba. Wallahi na kasa haƙa rami.

Na koma da ita asibiti da la'asar. Likitar ta leƙa ta ce, "Mma, an wanke, kuma ta jima. Ba za ta yi ba."

"Abincina ne ya jawo?"

"Ba mu gama sanin sanadin ba, shi ya sa muke nema. Amma da ta zo awo, da mun gani da wuri."

Na ɗauki bokitina na koma gida. Mijin 'yata ne ya binne.

Kwana biyu ina zirga-zirga tsakanin kwalba da gado kafin 'yata ta buɗe ido. Nas na juya katinta, ta tambaye ta cikin faɗa, "Ke kuma me ya hana ki zuwa awo?"

'Yata ta dube ni, ina tsaye riƙe da kwanon kunu. Ta ce, "Mantawa na yi."