Kakana da Kwanon Sarki

Kowa a Zongo ya ɗauka kakana jarumi ne. Suna cewa a yaƙin basasar da aka yi tsakanin gidajen sarauta biyu na garinmu na asali, can arewa, shi ya tsaya a ƙofar fada da takobi. Ƙarya ce. Kakana bai taɓa sarar ko kaza ba. Basarake ne, gaskiya, yana da rawani da gonaki, amma aikinsa a fada cin abinci ne. Lokacin yaƙin an fi tsoron guba a kan harsashi, saboda masu dafa wa sarki 'yan uwan abokan gaba ne. Duk kwanon da za a kai gaban sarki, sai kakana ya ci loma uku, ya sha ludayi guda, ya zauna ana kallonsa. In bai faɗi ba, sarki ya ci.

Ɓangarensu aka ci da yaƙi. Sarki ya gudo kudu, kakana ya bar gonakinsa ya biyo shi da cokalin azurfa a aljihu, har Lome. Sauran fadawa duk sun koma sun yi wa sabon sarki mubaya'a. Shi kaɗai ya rage.

Lokacin da muke tsohuwar Zongo abin da sauƙi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan sarkin. Da gwamnati ta tashe mu ta kai mu bayan gari, sai sarkin ya koma wajen ɗansa a unguwar Bè-Kpota, can nesa da mu. Kakana ya ce nisa ba ya sauke aiki. Idanunsa sun fara dushewa, don haka aka ɗora mini rakiya. Kullum in na taso daga lakwal, wato makaranta, ga gajiyar rawar jam'iyya da ake sa mu yi a rana, sai in tarar da shi ya naɗa rawani yana jirana a bakin zaure. Taksi biyu muke shiga, ina ciniki da direba da Minanci, yaren mutanen Lome, don tsoho ya je ya ci loma uku.

Na ce, “Kaka, wa zai sa masa guba? Waɗanda suka kore ku duk sun mutu.”

Ya ce, “'Ya'yansu fa?”

“'Ya'yansu ba su ma san yana raye ba.”

“To kin ga amfanin aikina.”

Da abin ya tsaya nan da na yi haƙuri. Amma kakana yana da ciwon sukari, ga gyambo a diddigensa da ya ƙi warkewa. Likita ya faɗa mini da Faransanci, na maimaita masa da Hausa ba tare da na rage komai ba: in bai bar zaƙi ba, ƙafar za a yanke. A gida mun ɓoye sukari, ya kuma bi doka, ko shayi lami yake sha. Sai dai sarkin nan ba ya iya haɗiye komai sai da zaƙi. Surukarsa, matar ɗansa, 'yar ƙabilar Mina ce mai kirki, tana dama masa kunun masara ta zuba madarar gwangwani mai zaƙi har sai cokali ya tsaya. Wannan kakana yake shanye ludayi guda kullum, ya goge baki, ya ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe.”

Na ce ya ɗan taɓa da harshe kawai. Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa. Wai guba tana kwantawa a ƙasan ƙwarya, sai an motsa an ɗebo cike.

Wata Laraba, kakana ya fita alwala, na shiga ɗakin sarkin ni kaɗai. Mace ba ta yi masa magana sai ta bakin bafade, na sani, ban damu ba. Tsoho ne ɗan ƙarami a kan katifa, da rediyo a gefe. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, abincinka zai yanke wa kakana ƙafa. Ka sallame shi.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi dariya, babu haƙori ko ɗaya.

“Jikanyar nan, kin zaci ban gwada ba? Shekarar da muka iso na ce masa ya huta, ba ni da abin da za a kashe ni a kai. Kwana uku ya zauna a ƙofata bai ci komai ba, wai na zarge shi da cin amana. Ni na fito na roƙe shi.”

“To ka bar sukari.”

“Ni? Sarauta ta tafi, gari ya tafi, haƙori ya tafi. Kunun ma za ki ƙwace?”

Na fito raina a ɓace. Tsofaffi biyu, kowanne yana riƙe da ɗayan, ƙafa kuma tana ruɓewa a tsakani. A taksi kakana yana ta ba ni labarin yadda suka haye kogi da sarki a kan jaki, ni kuwa ina kallon bandejinsa da ya jiƙe.

Kafin mu isa gida na gama shawara. Ba zan sake roƙon kowa ba. Daga Alhamis ni zan riƙa dafa abincin sarki a murhunmu, in ɗauka mu tafi da shi, in ce wa surukar ta huta. Tuwo da miyar kuka, kunu da tsamiya, babu sukari ko ƙwaya. In sarki yana son bafade, ya ci abin da likita ya rubuta wa bafaden.