Mai Riƙe Mini Hannu

A Islamiyyarmu ta Gwarzo, cikin 'yan amshin waƙar Maulidi ni ce mai azarɓaɓi. Kafin mai jan baiti ta dire, na riga na amsa. Sai Malam ya tsayar da wata 'yar Lakwaya kusa da ni ta riƙe mini hannu, sai ta saki zan buɗe baki. Haushinta nake ji kamar me!

Yanzu tana aure a Kabo, amma har gobe ita ce birkina. Jiya 'yan matan unguwarmu suna bita, na kasa zaune na kasa tsaye. Na kira ta, ko gaisuwa babu, na ce, "Ke, wata a cikinsu tana riga kowa!"

Ta ce, "To, je ki riƙe mata hannu mana."