Watan da Alhaji Fatawu Ya Zaɓa

Mijin yayata, Alhaji Fatawu, shekara ashirin da tara ya yi yana tuƙa bas daga Tottenham zuwa tsakiyar Landan ya dawo, a kan hanya guda da ba shi da ikon kauce mata ko da taku ɗaya. Ina jin abin da ya sa ke nan a harkar gabansa ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya, komai sai ya nemo masa ratse. Ni ƙanwar matarsa ce, abokiyar wasansa, don haka bakina ba shi da linzami a kansa.

Daga zangon Kumasi ya zo, da jaka ɗaya da takalmin da bai san sanyi ba. Ya yi wankin kwanuka, ya yi gadi a wani ofis kusa da Charing Cross, sannan Allah ya ba shi sitiyari. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma in ka ce masa ga hanya, sai ya ce ya san wata. Ranar sunan jikarsa ta fari ya ratsa da mu ta wani lungu a Edmonton wai gudun cunkoso, muka isa an raɗa suna, an ci, har an wanke tukwane.

Da ya yi ritaya, 'ya'yansa suka haɗu suka ce za su tura shi da uwarsu yawon buɗe ido a jirgin ruwa, zuwa arewacin Norway inda tsaunukan ƙanƙara suke. Ba don shi aka zaɓi wurin ba, don yayata Hamdatu aka zaɓa. Tun muna yara tana tallar ruwan sanyi a tashar mota, ƙanƙarar da ta sayo da safe kafin azahar ta narke, ta sha faɗa wurin Mma, mahaifiyarmu. Ranar da ta ji akwai ƙanƙara mai girman gari wadda rana ba ta iya cinye ta, sai ta sa abin a rai. Shekara hamsin tana ɗauke da shi.

Abin da ni kaɗai na sani shi ne idonta yana tafiya. Hawan jinin ido, in ji likita, kuma ya ce mata abin da ya tafi ba ya dawowa. Da rana tsaka tana gani, amma da zarar haske ya ragu sai lalube. Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa Alhaji ba, wai kada ta ɓata masa hutun da ya daɗe yana jira. Shi dai ya san tana ɗiga magani, ya ɗauka tsufa ne. In har za ta ga ƙanƙarar nan, to sai a shekarar, kuma sai cikin haske.

Bayan ƙaramar salla Nimatu, babbar 'yarsu, ta kawo littafin kamfanin jirgin mai hotuna ta ajiye, ta ce iyayen su zaɓi hanya da wata, ni kuma in kama musu wuri. A Yuni rana ba ta faɗuwa a can, a Disamba kuwa da kyar take leƙowa.

Kwana uku Alhaji yana nazarin littafin, tabarau a kan hanci, fensir a bayan kunne. Rana ta huɗu ya ce Disamba, kuma jirgin da ya fi kowanne nutsawa arewa. Mutumin da ke sa safa biyu a watan Mayu! Na ce da walakin, goro a miya. Sai da na tsare shi a kicin sannan ya fito da ita: a azumin da ya wuce an yi masa aiki a ciki, ya sha goma sha takwas, ramuwa na jiran sa.

"Fausiya, ki yi tunani," ya ce, yana rage murya. "Can rana awa biyu ne. Ka yi sahur, ka ɗan kishingiɗa, an sha ruwa. Kafin jirgi ya juyo na kusa gamawa."

"Alhaji, har wurin Allah ma wayo za ka yi?"

"Shi ya yi ƙasar, ba ni ba."

Na yi dariya har da hawaye, amma raina a ɓace yake. Disamba a can duhu ne, duhu kuwa ga Hamdatu daidai yake da a bar ta a gida. Ita kuma da aka tambaye ta sai ta ce duk wanda Alhaji ya zaɓa ya yi. Kawaicin nan nata ya sha ba ni haushi, amma ban taɓa jin kamar in kama ta in girgiza ba sai ranar.

Tunda bakina a ɗaure yake, sai na tura mijina ya tsegunta wa Malam Abdul-Rahaman, limamin masallacinmu, dabarar Alhaji. Bayan Juma'a Malam ya ja shi gefe, ya tambayi sunan garin ƙarshe da jirgin zai tsaya, ya duba a wayarsa, ya yi murmushi. Ya ce garin nan a Disamba rana ba ta fitowa sam, kuma inda babu fitowarta balle faɗuwarta, akwai malaman da suka ce da agogon Makka ake azumi. Awa goma sha biyu ke nan da ɗoriya, ya ma fi na Landan tsawo a watan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Ya dawo gida ya zaro fensir, ya gangaro ƙasa kaɗan a taswira, ya samo jirgin da ke tsayawa inda rana ke leƙowa awa huɗu. Disamba dai, babu fashi. Ya ce in zo ranar Lahadi a gama magana.

Na je da la'asar. Gari ya haɗa hadari, falon ya yi duhu-duhu, ba a kunna fitila ba tukuna. Alhaji ya buɗe littafin ya ɗora wa Hamdatu a cinya don ya burge ta.

"Hajiya, duba inda zan kai ki."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. "Masha Allah, dutsen ya yi kyau. Ga ƙanƙara fari fat."

Ashe iskar da ta shigo ta taga ta juya shafin. Abin da ke gabanta hoton gadon ɗakin jirgi ne, da farin zani a shimfiɗe.

Alhaji ya dubi shafin, ya dube ta, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya tashi ya kunna duk fitilun falon, har da ta kusurwa da yake hana mu taɓawa, ya dawo ya zauna kusa da ita, ya juya mata shafin da hannunsa.

"Fausiya, wane wata kika ce rana ba ya faɗuwa?"

"Yuni."

"Ɗauko wayarki ki yi booking ɗinsa, ki kama mana wuri. Jirgin da ke matsawa kusa da ƙanƙaran sosai, da ɗaki mai babban taga."

"To ramuwar fa?" in ji ni, don ko a wannan hali ban iya barin tsokana ba.

"Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Ke dai danna."

A Yuni suka tafi, kwana goma sha biyu. Alhaji ya dawo yana mita wai tun da aka haife shi bai taɓa yin isha'i rana na dukan ƙeyarsa ba. Hamdatu kuwa ta dawo da labari ɗaya, cewa ashe ƙanƙarar ba fara ba ce, shuɗiya ce, kamar an tsoma ta a ruwan bula.

Kafin Disamba ko da rana tsaka ba ta gane fuska, sai ta ji murya. Na yi kukana a ɓoye na gaji. Amma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta lalubo hannunsa ta riƙe, ta ce, "Na ga dutsen ƙanƙaran nan fa. Da idona na gan shi."