Ranar da Gana Zarami Ya Haɗiyi Tiyo

A Haɗeja duk wanda ya san Gana Zarami ya san taurin kansa. Ɗan masunta ne daga Kirikasamma. Ya bar komar kamun kifi ya shiga aikin jinya a asibitin Haɗeja, ubansa ya yi fushi har ya gaji, Gana ko gezau.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Dakta Shu'ibu, Bafulatanin Jahun, ya dawo daga karatu da aron na'urar leƙa ciki. Baƙin tiyo ne mai fitila a baki, majinyaci ya haɗiya, likita ya sa ido ta ɗaya bakin ya ga tumbi ƙuru-ƙuru. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na leƙe, ɗaya na riƙe kai yana lallashi. Ma'aikata suka noƙe, wai kayan Kano sai Kano. Gana kaɗai ya tsaya ya koya, suka yi ta gwaji da tulu. Amma majinyata fa? Ko ɗaya bai yarda ba.

Ana haka aka kawo yayansa Umara a kwalekwale, yana aman jini, ya rame sai idanu. Gana ya ji tsoro sosai, don kuwa da irin wannan uwarsu ta fara kafin ta rasu.

"Yaya, ka bari a duba."

Umara ya harari tiyon. "Gana, na tsufa ina haɗiyar da kifi ƙugiya, yau ni za a yi wa? Ko mai magani a kasuwa sai ya lasa a gabanka kafin ka saya. Likitan naka ya haɗiya mu gani."

Dakta Shu'ibu ya ce shi ai ba zai haɗiya kuma ya leƙa ba. Umara ya ce to a nemo masa kwalekwale gobe, gara ya mutu a gida.

Da safe Gana ya zo bai karya ba. Ya sa aka tayar da janareta, ya tara ma'aikatan nan masu gatsine, ya zaunar da Umara gaba-gaba, ya tuɓe farar rigarsa ya kwanta.

"Malam Gana, kai da lafiyarka?" in ji likita.

"Dakta, fesa min maganin maƙogwaro. Wanda ba zai iya kallo ba, ga ƙofa."

Tiyo ya shiga. Gana yana kakari, hawaye na zuba, amma ya riƙe ƙarfen gado bai motsa ba. Likita ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago a hankali.

"Tun yaushe kake ɓoye wannan gyambon?"

Ashe Gana ya yi shekaru yana shan jar kanwa saboda ciwon ciki a bayan ɗakin magani, bai taɓa gaya wa kowa ba. Likita ya yafito Umara. Tsohon masunci ya sa ido, ya ga miki ja a cikin ƙaninsa.

Da aka zare tiyon, Gana ya tashi zaune, murya a dishe ya ce, "Na lasa, Yaya."

"Ɗan banza, kai ma? Da haka za ka bi Inna ban sani ba?" Umara ya cire hula ya miƙa masa. "A wanke tiyon nan da kyau. Kuma kai za ka riƙe min kai."