Karan Gonar Bakin Rijiya

Ko da zan manta lambar wayata, ba zan manta ranar da na kwashe karan gonar bakin rijiya ba.

Ƙauyenmu gida goma sha ne, can bayan Babban Duhu, da rugar Fulani a gabas da mu. Shekarar da na shiga kwaleji na dawo hutu bayan girbi, ina ji da kaina, ɗan boko ya iso. Sai na ga kowa ya kwashe karansa, amma gonar kakana ta bakin rijiya tana nan, kara da harawa a zube. Na ce a raina tsufa ne ya kama shi, bari in burge. Na ari amalanke, na yi sawu huɗu, na jibge komai a bayan gida, har da ɗaukar hoto ina washe baki.

Ashe na tafka ta.

Kwana biyu ba a ga shanun ruga a rijiya ba, matansu ma ba su kawo nono ba. Lokacin kuwa ƙasar tamu ta rikice, kowa na zargin kowa. Rana ta uku kakana ya leƙa bayan gida, ya daɗe yana kallon tulin. Mutumin da kullum yake tsokanata da ango marar ko kaza, ranar ko murmushi bai yi ba.

Ya zaunar da ni ya ba ni labari. Kakansa ne ya sari dajin nan ya haƙa rijiyar. Wata shekara damina ta ƙi, rumbuna suka ƙare, nonon ruga ne ya riƙe yaran garin har aka ga sabon gero. Tun daga nan ba a taɓa kwashe karan gonar ba, na shanunsu ne. Babu takarda, babu shaida. In suka tarar da gonar a share, to an ce musu su tashi ke nan.

Na ce in kira su a waya in ba da haƙuri.

Ya ce, “Da waya ka kwaso shi?”

Sawu huɗu na mayar, rana tsaka, mutanen gari na kallo. Sannan muka taka zuwa ruga. Mun tarar har sun fara kwance bukka ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa kakana ya nuna ni ya faɗi abin da na yi, bai rage komai ba. Ardon rugar ya dube ni ya ce, “Kai ne ka kusa tashin mu a rana ɗaya, mu da yunwa ba ta raba ba?”

Na ce, “Baffa, ban sani ba.”

“To yanzu ka sani. Ka faɗa wa na bayanka.”

Da la'asar shanu suka shigo gonar, wallahi ban san sanda na hau tsalle ba.

Tun daga ranar, in na ga abin da manya suka bari a ƙauyenmu ya yi mini kama da sakaci, sai na tambayi dalili kafin in sa hannu.