Hajiya Ta Ce Sai an Yanka wa Marainiyar Fim Rago

Jama'a, yau musun fim ya ci wa Mumuni mahauci rago sukutum!

Muna rumfarsa a Zangon Sokodé, shi da ƙanena Sadiku da ya zo daga Dapaong suna ta musu. Wai a wani fim na jiragen sararin samaniya, wata marainiya ta yar da sunan kakanta azzalumi, ta ɗauki na malaminta.

Sadiku ya ce, "Sata ce!"

Mumuni ya ce, "Gado ne!"

Sai ji muka yi tau! Sojoji sun harba wa masu zanga-zanga barkonon tsohuwa. Muka ruga gidan Hajiya Ramatu mai koko, har da Mumuni da Sadiku. Suna tari, suna hawaye, amma ba su fasa musu ba!

Hajiya ta ce, "Wai 'yar gidan wa ce?"

Na ce, "Hajiya, fim ne, can a sama ake yi."

"Ban tambaye ka unguwarsu ba. Da ta sake suna, an yanka rago?"

Muka ce a'a.

Ta tare ƙofa. "Marainiya ba rago, ga mahauci a zaune yana surutu?"

Wallahi Mumuni bai fita ba sai da ya yi alkawari. Jibi ne suna. Kowa ya taho da kwanonsa!